Kofin da Ke Hannun Hagu: Rayuwar Ludmila Dusek

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya Ludmila Sedlak, wadda daga baya aka fi sani da Uwargida Dusek, ranar sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1911, a birnin Cleveland da ke jihar Ohio ta Amurka, a unguwar 'yan Bohemiya, inda hayaƙin masana'antun ƙarfe ba ya barin farin wanki ya bushe yana fari. Mahaifinta, Vaclav Sedlak, ma'aikacin narkar da ƙarfe ne, mahaifiyarta Bozena kuwa tela ce mai ɗinka rigunan mata a cikin gida. Ludmila ita ce ta huɗu a cikin 'ya'ya shida, kuma ita kaɗai ce bahaguwa. Ba a rubuta wannan a takardar haihuwarta ba, amma duk abin da za a faɗa a nan daga gare shi ya taso.

Karatu

A shekarar 1917 aka sanya ta a makarantar cocin unguwa. A makon farko malamarsu ta ga ta ɗauki alli da hagu, sai ta nemo igiyar labule ta ɗaure hannun a jikin kujera, kuma haka aka yi ta yi kusan shekara biyu, har yarinyar ta iya rubutu da dama. Rubutun nata ya fito tsaf, amma a hankali, kamar mai tafiya da takalmin aro. Hannun hagu bai taɓa koyon ko harafi ɗaya ba. Sai dai da yake babu wanda ya ɗauki zane a bakin komai, ba a damu da hannun da take yin sa da shi ba, saboda haka zane ya zama rabon hagu. Ta cika bayan takardun awon mahaifiyarta da hotunan maƙwabta, kowa da irin hancinsa, har wata rana matar mai sayar da nama ta gane kanta ta zo da ƙara.

Ta bar makaranta a 1925, tana da shekara sha huɗu, ta shiga wani kamfani inda ake zana furanni a jikin faranti. Daga 1928 zuwa 1930 ta halarci ajin koyon zane na ranar Asabar. Malamin ajin ya ce da ita tana da ido, kuma da namiji ce da ya san inda zai kai ta. Ta yi masa godiya, domin a wancan zamani wannan magana yabo ce.

Aure

Ranar tara ga watan Yuli na 1932 aka ɗaura aurenta da Emil Dusek, mai fentin gidaje, mutum mai fara'a da yawan surutu, wanda in ya kalli bango sau ɗaya zai haɗa launinsa ba kuskure, amma in aka ce ya zana kaza sai a ɗauka tukunya ce. Auren ya zo a tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta durƙusar da ƙasar. Kamfanin faranti ya rufe, mutane suka daina fentin gidaje, domin wanda ke neman abin sawa a baki ba ya kallon bango. An haifa musu Rudolf a 1933, da Irma a 1935. Lokacin sanyin wannan shekara sun ƙone kujeru biyu a murhu, suka bar biyu.

Shekarun aikin gwamnati

A 1935 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin samar wa marasa aiki aikin yi: gina hanyoyi da gadoji da makarantu, da shimfiɗa bututun ruwa. A cikin shirin akwai wani sashe na masu zane, waɗanda aikinsu shi ne yin fosta-fosta da za a manna a asibitoci da tashoshi don sanar da jama'a abin da ake yi. Shirin yana da ƙa'ida: mutum ɗaya za a ɗauka daga kowane gida, kuma a ofishin rajista sunan maigida aka rubuta a kan gidan Dusek. Layin masu fenti ya cika ya batse. Layin masu zane ne yake da gurbi.

Wata safiya cikin Janairun 1936, Emil ya zauna yana ta juya kofin shayi, sannan ya dubi jakar da Ludmila ke ajiye zane-zanenta.

“Mila, a ƙasan kowanne Dusek kika rubuta, ko?”

“Dusek na rubuta. Sai me?”

“To ai ni ma Dusek ne.”

Ta dube shi, Irma na kuka a kafaɗarta. Ta ce, “Kai da ba ka iya zana ƙwai ba?”

“Wata uku kawai, wallahi. Da bazara ta shigo aikin fenti zai dawo, in je in faɗa musu gaskiya.”

Wata ukun nan ya zama shekara shida da rabi.

Yadda suka tsara abin shi ne, Emil ya shaida wa shugaban sashen, Mista Whitlow, cewa basirarsa ba ta zuwa masa a cikin hayaniya, sai a gida. Da yake masu zane mutane ne masu tsirfa iri-iri, ba a yi mamaki ba. Yakan kawo umarni da yamma: a yi fosta a kan allurar rigakafi, ko a kan sabon ɗakin karatu. Washegari da hantsi, in ta gama shara ta ɗora wake, Ludmila takan share teburin cin abinci ta zana, kafin yara su fara kukan yunwar rana. Shi kuma ya kai.

Amma ba za a zalunci Emil a wannan tarihi ba. A wurin bugawa babu kamarsa. Ana buga fostar ne da wani katako mai kama da rariya, an ɗaure masa ƙyallen siliki, kowane launi da nasa katakon, a zuba fenti a ja shi da roba ya ratsa zuwa takarda. Emil ne yake yanka kowace siffa da wuƙa, shi yake haɗa launuka, kuma abin da matarsa ta zana da fensir baƙi shi yake ba shi hasken da ke tsayar da mai wucewa. A wannan sashe ba a sa hannu a jikin fosta, domin an ce aikin na jama'a ne. Sunan mai zane yana cikin rajistar ofis kaɗai, kuma a can an rubuta E. Dusek.

A watan Mayu na 1938 aka kai ruwan famfo wasu unguwanni na bayan gari, aka nemi fosta. Ludmila ta jingina madubi da tulun gishiri, ta kalli kanta, ta zana mace da gyale tana tarar ruwa a kofi, ba murmushi, ba komai, sai gajiyar wadda ta daina zuwa rijiya. Emil ya yi kwana uku yana neman shuɗin ruwan. Da aka buga, Mista Whitlow ya tsaya a gabanta ya cire taba daga baki.

“Dusek, wannan ta yi. Amma in tambaye ka, me ya sa duk mutanenka bahagwai ne? Mai guduma da hagu, likita da hagu, yanzu ga wannan da kofi a hagu.”

Emil ya ce, “Ranka ya daɗe, haka 'yan unguwarmu suke. Hannun dama ya gaji da aiki, mun ba shi hutu.”

Aka yi dariya, maganar ta wuce. Da ya ba Ludmila labari a gida yana ƙyaƙyatawa, ita ba ta yi dariya ba. Wannan fosta ita ce abin da ta fi so a cikin duk abin da hannunta ya taɓa yi, kuma ranar da ta gan ta manne a tashar jirgin ƙasa ta tsaya a gabanta da kwandon cefane har wani ɗan sanda ya tambaye ta ko ta ɓata hanya ne.

An haifi 'yarsu ta uku, Blanka, a 1940. An rufe sashen a 1942, bayan ƙasar ta shiga yaƙi. Jimillar fostar da suka fito da sunan E. Dusek talatin da ɗaya ne.

Bayan yaƙi

Emil ya yi aiki a masana'antar jiragen sama har 1945, sannan ya buɗe ɗan shagon buga takardun manna wa gwangwani da kwalabe. Ludmila ta gaji keken mahaifiyarta ta koma ɗinki. Babu wanda ya hana ta zane. Kawai dai babu wanda ya nema, ga yara uku, ga wanki, ga surukarta da ciwon ƙafa ya kwantar shekara takwas a ɗakin baya. Ta sa fensiranta a gwangwanin biskit ta ɗora bisa kabad.

A 1944 ne ƙaryar ta shigo cikin gida, kuma ta ƙofar da ba a zata ba. Malamar su Rudolf ta ce kowa ya kawo abin da ke nuna sana'ar ubansa. Rudolf, wanda suke kira Rudi, ya zaro fostar kofi daga ƙarƙashin gado, ya tambaya a kan tebur, “Baba, kai ka zana wannan, ko?” Emil ya dubi matarsa. Ita kuma ta dubi fuskar ɗanta, wanda ya sha tsokana a unguwa cewa ubansa ɗan cin tallafin gwamnati ne. Ta ce, “Babanka ne. Ka riƙe ta da kyau kada ta yage.” Daga ranar Rudi ya ɗora ubansa a wani matsayi da bai sake sauke shi ba. Ya koyi sana'ar bugu a hannunsa, kuma a 1958 aka sauya allon shagon ya koma “Dusek da Ɗansa”, aka rataye fostar a bayan kantar shagon cikin gilashi.

Rasuwar mijinta

Emil ya kamu da ciwon huhu, wanda likitoci suka danganta da shaƙar fenti, ya rasu ranar biyu ga Nuwamba, 1969. Kwana biyu kafin nan, da rana tsaka tana shafa masa mai a ƙafa, ya ce, “Mila, na cinye miki suna.”

Ta ce, “Sunan da ka ci ai mu biyar muka ƙoshi da shi. Miƙo ɗaya ƙafar.”

“In na tafi ki faɗa wa Rudi.”

“Kai da ka yi shekara ashirin da biyar ba ka faɗa ba, ni za ka bar wa? Allah ya ba ka lafiya, ka tashi ka faɗa da bakinka.”

Bai tashi ba. Ta yi masa kuka na gaskiya, domin ta so shi, kuma ta ji haushinsa na gaskiya, domin ya tafi ya bar mata kayan da tare suka ɗaure.

Shekarar kan sarki

A watan Satumba na 1984 wasiƙa ta zo cewa za a fitar da jerin kan sarki na tunawa da cikar shirin shekara hamsin, kuma a cikin fostar da aka zaɓa akwai macen nan mai kofi. Bayan wata guda wani malamin jami'a, Dokta Pruitt, wanda shi ya tono rajistar ofis ya gano sunan E. Dusek, ya zo gidan don jin tarihin marigayin. Ludmila tana da shekara saba'in da uku, amosanin gaɓɓai ya kama mata yatsu. Rudi da Irma suna wurin.

Dokta Pruitt mutumin kirki ne, kuma ya yi karatu mai zurfi, irin wanda kan hana mutum ganin abin da ke gabansa. Ya yi bayani mai tsawo cewa hannun hagu a zanen Emil Dusek alama ce ta talakan da duniya ta ajiye a gefe, kuma ya rubuta shafi goma sha biyu a kan haka. Yana cikin magana Ludmila ta zuba masa shayi da hagu, ta yanka masa burodi da hagu, ta miƙa masa sukari da hagu. Ya karɓa ya gode, ya ci gaba. Rudi kuwa sai gyaɗa kai yake, idonsa ya kawo ruwa.

Bayan sun fita, Irma ta tsaya wanke kofuna. Ba ta juyo ba ta ce, “Mama, Baba ko cokali bai taɓa ɗauka da hagu ba.”

“To?”

“Kuma matar nan haɓarki ce da ita. Tun ina yarinya nake gani, na ɗauka ke kika zauna ya zana ki.”

“Wanke kofinki.”

“Mama, ki bar ni in rubuta musu. Layi biyu ne kawai.”

Ludmila ta zauna, domin tsayuwa ta fara yi mata wuya. Ta ce, “Ki rubuta ki ce me? Ubanku ya yaudari gwamnati shekara shida? A buga a jarida, yayanki Rudi ya sauke allon shagonsa? Kuma shuɗin nan na waye? Ni da fensir na ba shi. Irma, na gaji. Da ina da shekara talatin aka tambaye ni, da na hau tebur na faɗa. Yanzu so nake a bar ni.”

Ba gaskiya ta faɗa duka ba. Tana so. Da samfurin kan sarkin ya iso, ɗan mitsitsi kamar farcen babban yatsa, ta sa gilashin ƙara girma ta karanta sunan da ke cikin ɗan littafin bayani, ta ji wani ɗaci da ta ɗauka ya mutu tun tuni.

An yi bikin fitarwar ranar shida ga Mayu, 1985. A al'adar masu tara kan sarki, a ranar farko sukan sayi ambulan, a manna sabon kan sarkin, a buga masa hatimin ranar, sannan su bi layi wanda ke da alaƙa da zanen ya sa musu hannu. Aka ajiye wa Ludmila tebur da ƙaramin allo mai cewa “Matar marigayi mai zanen”, Rudi ya zauna kusa da ita yana miƙo mata ambulan. Ta yi ta rubuta sunanta da dama, a hankali, yadda aka koya mata. Wajen ambulan na ɗari da hamsin yatsun suka ƙage, alƙalamin ya faɗi. Layin kuwa har bakin ƙofa.

Rudi ya ce, “Mama, a tsaya haka, kin yi ƙoƙari.”

Wata tsohuwa ce a gaban layin, ta ce daga Toledo ta zo tun safe. Ludmila ta ji nauyinta. Ba tare da wani tunani ba ta ɗauki alƙalamin da hagu. To, hannun nan bai san harafi ba, abu ɗaya ya sani. Kafin ta ankara ya ja layi huɗu ko biyar a kusurwar ambulan: ga kofi, ga yatsun da ke riƙe da shi, ga ruwa yana zuba, daidai da na kan sarkin da ke gefensa, ba gyara, ba tsayawa. Tsohuwar ta yi murna ta wuce. Na bayanta ya ce shi ma irin wannan yake so.

Rudi ya yi shekara talatin yana aikin bugu, ya san bambancin hannun da ke kwaikwayo da hannun da ya san hanyarsa. Ya kalli kofi na biyu, ya kalli na uku. A na huɗu ya gane wanda ya zana fostar, amma bai daina miƙo ambulan ba har layin ya ƙare.

Shekarun ƙarshe

Rudi ya yi wata huɗu bai taka gidan ba. Ludmila ba ta aika a kira shi ba. A watan Satumba ya zo da rana, ya ajiye ƙunshin farar takarda da akwatin fensir a kan teburin nan na cin abinci, ya tsaya kamar baƙo.

Ya ce, “Duka talatin da ɗayan ke kika zana?”

“Duka. Amma launin na babanka ne, kada ka kuskura ka rage masa.”

“Me ya sa kika ce mini shi ne?”

“Shekararka sha ɗaya, ka shigo da ido a kumbure saboda an zagi ubanka. Me kake so in ce?”

Ya zauna ya rufe fuska da tafin hannu. Can ya ce gobe zai rubuta wa Dokta Pruitt. Ta ce muddin tana numfashi ba ta yarda ba, in ta mutu kuma ba ta yarda ba, domin a gefen Emil za a kwantar da ita, ba ta son ta je ta tarar da shi da kunya. Ya tura mata takardun, ya ce to ko abu ɗaya ta zana masa. Ta ɗaga hannun ta nuna masa yatsun da suka karkace.

“Ka makara, Rudi. Abin da ya rage a cikinsa na ƙarar a kan ambulan ɗin mutane. Tashi ka ɗora mana ruwan shayi.”

Ba ta sake zane ba. Ƙunshin takardar ya zauna bisa kabad kusa da gwangwanin biskit. Rudi bai sauke allon shagonsa ba, amma tun daga lokacin kowace Lahadi yakan zo ya yanke mata farce, ya shafa mata mai a hannu, kuma da hagu yake farawa.

Rasuwa da jana'iza

Uwargida Ludmila Dusek ta rasu a gidanta da safiyar Talata, sha bakwai ga watan Janairu na 1989, tana da shekara saba'in da bakwai, bayan gajeriyar jinya. An yi mata addu'a a cocin da aka ɗaura aurenta, aka binne ta ranar Juma'a a gefen mijinta, cikin dusar ƙanƙara, a gaban mutanen da ba su kai arba'in ba. 'Ya'yanta sun cika mata wasiyya, babu wanda ya rubuta wa kowa. A kan dutsen kabarinta akwai sunanta da shekarunta, sai ɗan ƙaramin kofi da Rudi ya sa aka sassaƙa, mariƙinsa yana hagu.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Rudolf Dusek, mai shagon bugu a Cleveland, Irma, malamar jinya mai ritaya a Akron, da Blanka, wadda ke aure a Milwaukee. Ta bar jikoki bakwai da tattaɓa-kunne biyu. Ta kuma bar zane talatin da ɗaya, waɗanda a kowane kundi aka duba, sunan mijinta ne a ƙarƙashinsu.